Makullin ƴan makwanni

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kawo sabon zane ya san riba tana cikin makwannin farko, kafin na jabu ya cika kasuwa. A kan wannan lissafi ne kamfanonin da ke ƙera wasannin ordinater suke biyan kuɗi a kulle masu hajarsu.

Porogaram dai jerin umurni ne da ake rubuta wa ordinater. Wanda ya iya karanta shi yana iya gano wurin da ake tantance ko an biya kuɗi, ya cire shi, ya raba wa duniya kyauta. Shi ya sa masu kullewa ke cukurkuɗa rubutun: su cusa tarin umurni marasa amfani, su ɓadda hanya, su juya wani sashe zuwa baƙon harshe wanda sai tafintan da suka ɓoye a ciki ke jin sa. Amma akwai gaɓar da ba ta gyaruwa. Tilas ordinater ta warware rubutun kafin ta yi aiki da shi, ke nan makulli da mabuɗi duka suna hannun mai saye.

Kamfanin Denuvo na birnin Salzburg, a ƙasar Ostiriya, ya fito da nasa makullin a shekarar 2014, kuma ya ba ɓarayin fasaha wuya ƙwarai. A watan Janairu na 2016, ƙungiyar 3DM ta ƙasar Sin, wadda ta yi suna wajen fasa irin waɗannan makullai, ta gaza a kan wasan Just Cause 3, har shugabarta ta yi hasashen cewa cikin shekara biyu wasannin sata za su ƙare. Ta yi gaggawar karaya. Shekara guda bayan haka, wata ƙungiya mai suna CPY ta fasa Resident Evil 7 kwana 5 kacal da fitowarsa.

Denuvo bai musanta cewa ana fasa makullinsa ba. Abin da yake sayarwa jinkiri ne. Kamfanin da ya yi wasan Doom ya cire makullin da kansa a watan Disamba na 2016, wata 7 bayan fitowar wasan, lokacin da cinikin farko ya wuce. Kafin nan, wanda ya biya kuɗinsa na halas shi ne sai ya shiga intanet ya nemi izini kafin wasan ya buɗe masa.