Yadda Ƙaramar Ƙwaƙwalwar Lantarki Ke Kunna Famfon Ruwa

Ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki irin ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno, da ƙafafunta take hulɗa da waje. Kowace ƙafa ko dai ta fitar da wuta, ko ta saurari wadda ke shigowa. A Jikwoyi, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, gidaje da yawa sun dogara da rijiyar burtsatse da tanki a sama, kuma da irin waɗannan ƙafafu ake haɗa na'urar da ke kunna famfo da kanta idan ruwa ya yi ƙasa.

A cikin ƙwaƙwalwar, kowace ƙafa tana da gurbi guda a wasu ma'ajiyoyi da ake kira rajista. Ga ƙafafun rukunin B, DDRB ce ke yanke ko ƙafa ta shiga ce ko ta fita. PORTB ke ɗora mata volt 5 ko sifili, PINB kuma ke faɗin abin da ke kanta. Ƙafa ta 13 a Uno ita ce gurbi mai lamba 5 a rajistocin nan. Mai rubutu da yaren C yakan taɓa wannan gurbi kaɗai, domin maƙwabtansa na iya riƙe da wani aiki.

Wahalar tana wajen tanki. Ƙafar shiga da aka bari babu haɗi takan ɗauki hayaniyar wayoyi, ta riƙa ba da labarin ƙarya, don haka ake kunna rizistar ciki mai jan ta zuwa volt 5. Ruwa ma yakan yi tangal-tangal yayin cika, makunnin da ke shawagi a kansa ya dinga buɗewa yana rufewa. Tsari mai kyau yakan jira daƙiƙoƙi kaɗan kafin ya gaskata.

Ƙafar fita kuwa ba a so a ɗora mata fiye da miliamfiya 20, alhali famfo yana jan amfiya da dama a volt 230. Sai ƙafa ta tura transista, transista ya ja rile, rile ya saki wutar famfo. Duk lokacin da kamfanin lantarki na AEDC ya dawo da wuta, ƙafafun suna farkawa ne a matsayin na shiga, saboda haka dole a yi haɗin yadda famfo zai kasance a kashe har tsarin ya fara aiki.

A ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kuwa, wadda ƙafafunta volt 3.3 suke ɗauka, Linux ce ke riƙe da rajistocin. Tun sigar 4.8 ta shekarar 2016, manhaja takan nemi ƙafa ta /dev/gpiochip0, kuma ba a ba wata manhajar ita sai ta farko ta saki.