Ra'ayin Mazan Jiya a Zangon Kumasi

A Amurka, idan aka ce mutum mai ra'ayin mazan jiya ne, galibi ana nufin yana ƙin zubar da ciki da auren jinsi, yana kuma son a tsananta wa baƙin haure. Irin waɗannan mutane jam'iyyar Republican mai alamar giwa suke zaɓa.

A Gana ma akwai jam'iyya mai alamar giwa, wato NPP, kuma aƙidarsu ta yi kusa. Mutanen zango a Kumasi, a kan aure da tarbiyya, bakinsu ɗaya da mazan jiyan Amurka. Maganar baƙi ce ta raba su. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, wadda NPP ta gāji tafarkinta, ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Yarbawa da Hausawa da yawa, har da haifaffun Gana, suka karyar da kayansu suka tafi. Dattawan zango ba su manta ba.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa mazaɓar Asawase, inda unguwar Aboabo take, ta riƙa zaɓen ɗan majalisar NDC tun 2004, alhali yankin Ashanti tungar NPP ce.