Kafafen Sada Zumunta da Binciken Kufai a Ƙasar Haɗejiya

Sau da yawa ba masani ne ke fara gano kayan mutanen dā ba, manomi ne ko mai haƙar rijiya. Cikin 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani katako. Cikin 1994 masana daga jami'o'in Frankfurt da Maiduguri suka tone shi, sai ga kwalekwale na madaci, tsawonsa mita 8 da 'yan kai, shekarunsa wajen 8,000. Da mutumin nan ya yi shiru, da har yau ba a san da shi ba.

To, ruwan Komadugu Gana da na kogin Haɗejiya duk kogin Yobe suke zuba, kuma fadamar Haɗejiya tsohon mazauni ce. Ga Auyo, ga Garun Gabas wadda ake cewa ita ce Biram ta cikin Hausa Bakwai, ga kuma Teshena a ƙasar Kafin Hausa, wadda harshen mutanenta na asali ya ɓace. Inda harshe ya mutu kuwa, tsingaro da kufai da ganuwa su ne shaidun da suka saura.

Matsalar ita ce, rahoton bincike yakan fito da Turanci ko Jamusanci, cikin mujallun da ba su isa ƙauye. Nan ne Facebook da WhatsApp suke da amfani. Hoton tukunya da saƙon murya na minti biyu da Hausa suna iya isa ga wanda bai iya karatun boko ba. Sa'an nan shi ma yana da halin mayar da amsa, ya faɗi sunan kufan da abin da ya ji daga kakanninsa, watau ya zama abokin aiki.

Amma fa hanyar nan tana da haɗari. Bayan da gumakan Nok suka yi suna, an yi ta tonon ɓarna a ƙasar cikin shekarun 1990, ana sayar da su ƙetare. Facebook kansa ya zama kasuwar irin wannan kaya, har kamfanin ya hana cinikinsu a shafukansa cikin 2020. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya bayyana abin da aka samu da ma'anarsa, ya ɓoye ainihin wurin, kada kuma ya ambaci kuɗi. Ya kuma riƙa tunatar da jama'a cewa dokar 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono ba da izini ba.

Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a Kafin Hausa cikin 2013, da kwalejojin horon malamai su ne suka fi dacewa da wannan aiki, domin ɗalibansu 'ya'yan ƙauyukan nan ne. Malamin da ya koya musu su ɗauki hoton tsingaro, su bar shi inda yake kwance, su sanar da hukuma, ya kiyaye shaidar da ba ta samuwa sau biyu.