Masu Yanka Hanya a Ƙasar Madobi, Ku Shiga Taitayinku

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a ƙauyukan Madobi har zuwa Kura da Bunkure, kuma an zuba mata ido: yanka hanya domin a tsallakar da ruwa zuwa gona.

Gonar mutum tana wannan gefe, ruwa yana wancan. Sai ya bari dare ya raba, ya sa diga ya tsaga burji, ya shimfiɗa tiyo, ya mayar da ƙasa ya tattake. Gari na wayewa kamar ba a yi komai ba. To amma ƙasar da injin ya daddanne daban take da wadda ƙafa ta taka. Tiyo yana yoyo a ƙarƙashi, tifar yashi ta bi ta kai, wurin ya lotsa. Ruwan Agusta na sauka sai ya tarar an buɗe masa ƙofa. Maƙwabci kuma ya ga an yi an kwana lafiya, shi ma ya ɗauko digarsa. Wani ya nome lambatu ya dasa albasa har bakin hanya, wani ya toshe kwalbati da buhun ƙasa don ruwa ya tsaya masa.

Babu mai musun albarkar ruwan nan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ake sako shi ta Kadawa, aka daina zaman rani a yankin. Shinkafar Kura da tumatirin Kwanar Gafan sun san kasuwannin Kudu. Sai dai tumatir ba ya jira. Mota ta kafe da kwanduna tun asuba, kafin la'asar dillali ne zai yanke farashin da ya ga dama, kuma wanda ya tsaga hanyar yana cikin masu asara.

Wannan ma mai sauƙi ne. Hanyar da kwando ke bi ita mai naƙuda ke bi. A ɗora mace a babur jini na zuba, a iso inda hanya ta rabe biyu, a sauke ta a tsallaka da ita a hannu, asibiti kuwa da saura. Ma'aikatan rigakafi su juya, malamin firamare ya ce sai ruwa ya ɗauke. Mutanen Bagwai sun ga illar rashin hanya a Nuwamba 2021, lokacin da kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya.

Za a ce ai gwamnati ce ba ta gyara. Da gaskiya a ciki, kuma a ci gaba da matsa mata. Amma Kano tana cikin shirin RAAMP na hanyoyin karkara, kuɗinsa kuwa rance ne daga Bankin Duniya da Faransa. Hanya ta mutu a damina biyu, bashin yana nan a wuyan jikokinmu.

Dagatai da masu unguwanni, kun san masu yi, gonakinsu ba ɓoyayyu ba ne. Mai son tsallakar da ruwa ya nemi izinin ƙaramar hukuma, manoman layi su haɗa kuɗi a binne bututun ƙarfe a zuba kankare. A yashe kwalbatoci da gayya kafin ruwan farko. Wanda aka kama da diga a kan burji kuwa, ko ɗan wane ne, ya gyara da aljihunsa sannan a miƙa shi ga hukuma.