Shuka Da Kula Da Bishiyar Darbejiya A Yankin Maiduguri

Idan ka shiga Kasuwar Kifi ta Baga Road da tsakar rana a watan Afrilu, ba ka buƙatar wanda zai yi maka bayanin darajar inuwa. Haka kuma duk kwalin bandar tarwaɗa da ake lodawa zuwa Onica ko Legas, sai da aka ƙona itace kafin ya kammalu. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina, dogon yaro ko bedi, tana cikin itatuwa ƙalilan da ke biyan waɗannan buƙatu biyu a ƙasar da ruwan samanta bai cika wuce milimita 600 a shekara ba. Asalinta daga yankin Indiya ne, an kuma kawo ta lardin Borno a 1928. Ba ta rabuwa da ganye, kuma a ƙarshen rani, lokacin da sauran itatuwa suka yi fayau, ita take fitar da fararen furanni masu ƙamshi.

Iri

A nan ne mafi yawan masu shuka suke yin asara tun ba su fara ba. Irin darbejiya ba ya ajiyuwa kamar gero ko dawa. Cikin 'yan makonni bayan an tsince shi ƙarfin tsirarsa yake raguwa, don haka irin bara da aka ajiye a buhu ba abin dogaro ba ne, ko da kuwa ya yi kyau a ido. Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, ka murje naman cikin ruwa, ka shanya ƙwallon a inuwa na kwana biyu ko uku, sannan ka shuka shi nan take.

Cika ledar raino da ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, ka sa iri biyu a zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa uku. Bar mai ƙarfi, cire ɗayan. Riƙa ɗaga ledar lokaci-lokaci kana yanke saiwar da ta huda ta, domin idan ta kama ƙasa, tsiron zai ji rauni ranar dashe.

Wuri da dashe

Darbejiya tana jure fari da ƙasa maras ƙarfi, amma ba ta jure kwanciyar ruwa. Ka guji fadama da ƙasar firgi mai riƙe ruwa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta nuna wa mazauna Maiduguri inda ruwa ke bi da inda yake daɗewa. Malamin gona ya yi amfani da wannan sani wajen zaɓar wa manoma wuri. A yi dashe bayan ruwa ya zauna, wato a watan Yuli, cikin rami mai faɗi da zurfin kimanin rabin mita. Idan shingen kare iska ake so, a bar mita 3 zuwa 4 tsakanin itatuwa. Irin wannan shinge aka fara dasawa a kwarin Majiya da ke Nijar a 1975. Kada a dasa ta gab da katanga ko rijiya, kada kuma a tsakiyar gona, domin saiwarta tana rige amfanin gona shan laima.

Shekaru biyun farko

A ganina, akuya ta fi fari kashe dashe. Ka kewaye kowane tsiro da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar da aka dasa shi, ka ba shi ruwa sau ɗaya ko biyu a mako har ƙarshen ranin farko. Bayan rani na biyu saiwar ta yi nisa, ita za ta nema wa kanta. Ka riƙa duba bayan ganye: a shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye ya yi wa darbejiya mummunar ɓarna a yankin Tafkin Chadi. Idan ka ga ganye na rawaya yana zuba ba dalili, ka sare reshen ka ƙone, ka sanar da malamin gona.

Girbi

Idan itace kake so, kada ka sare ta daga tushe. Sassabe rassa daga sama da inda bakin dabba zai kai, za ta sake tohowa, ka dawo bayan 'yan shekaru. 'Ya'ya kuwa tana fara ba da su daga shekara 3 zuwa 5. Dakakken ƙwallo giram 50 a litar ruwa ɗaya, a jiƙa ya kwana a tace, yana hana tsutsa cin ganyen kayan lambu; mai kuma mililita 2 zuwa 3 ya isa kilo ɗaya na wake a ajiya. Kada a yi amfani da ƙwallon da ya yi fumfuna.

Ga masu banda, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan zuba maganin feshi a kan abinci, kuma busasshen kifi yana cikin abincin da ake yi wa haka saboda ƙwari. Busasshen ganyen darbejiya da aka shimfiɗa a ɗakin ajiya da tsakanin kwalaye yana taimakawa wajen rage su. Sai dai a sani tana da ɗaci, don haka kada a shafa man a jikin kifin, kuma ganyen ba zai ceci kifin da bai bushe sosai ba.