Makullin Amortisa da Haƙƙin Mai Sayen Babur a Ƙasar Adar

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Tawa ran Lahadi da hantsi, ya zuba ido ga baburan da ke kwararowa daga Barmu da Afala da Takanamat da Kalfu, wani ɗauke da buhunan hatsi, wani da raguna a ɗaure, wani da magidanci da iyalinsa da yara biyu a tsakani, zai lura da wani al'amari da idon mutanen gari ya saba da shi har ya daina ganinsa, wato galibin baburan nan bayansu ya durƙusa, goshinsu ya ɗaga, har fitilar da aka yi domin ta haska hanya tana duban sararin samaniya. In ka tambayi mai babur dalili, zai ce maka nauyin kaya ne, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai ragowar gaskiyar da ba a sanar da shi ba ranar da ya ƙirga kuɗinsa ya miƙa wa dila, ita ce kuwa masu ƙera babur sun tanadi wani ɗan sassauci ga wannan durƙuso, sun rataya shi ga wani ɗan makulli wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

Ƙasar Adar ba ta yi wa abin hawa sauƙi. Daga gabas, wajen Keita da Buza, tsaunuka ne da fako da tsakuwa mai kaifi, da ƙoramu waɗanda ke yanke hanya da damina su bar ta da zaizaya har rani. Daga arewa kuwa, in aka doshi Kawo da Cintabaradan da sararin Azawak, rairayi ne mai haɗiye taya. Ko babbar hanyar kwalta da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 daga Tawa zuwa Arlit domin jigilar yuraniyom, wadda ta bi ta Tabalak da Abalak da Agadas, ta daɗe da zama abin kuka ga matafiya saboda ramukanta. A irin wannan ƙasa, babur shi ne motar kasuwa, shi ne abin neman ɗan kabu-kabu, shi ne kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare zuwa ɗakin shan magani. Saboda haka maganar ƙarfen da ke tsakanin tayar baya da kwankwason wadda aka goyo ba maganar makanikai kaɗai ba ce.

Amortisa, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira shokozoba, abu biyu ne aka haɗa wuri guda. Na waje shi ne murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke lotsawa ya miƙe, shi ke ɗaukar nauyi. Na ciki kuwa wani bututu ne mai ɗauke da mai, da sanda mai kai da komowa a cikinsa, tana tilasta wa man ya bi ta ƙananan kafofi, ta haka ake danne tsallen da murɗaɗɗen ƙarfen zai yi in da an bar shi da halinsa. Baburan da suka cika kasuwanninmu, irin su Kasea da Haojue da Royal na ƙasar Sin, da Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, galibinsu amortisa biyu gare su a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma duk tazarar da aka ba su su yi motsi a ciki ba ta kai taƙi guda ba. Wannan 'yar tazara ita ce jarin mahayi duka: in kaya suka cinye ta tun babur yana tsaye, to babu abin da ya rage da zai tari rami, ƙarfe ne zai daki ƙarfe, dukan ya wuce kai tsaye zuwa ƙashin baya.

A gindin murɗaɗɗen ƙarfen, in mutum ya sunkuya ya share ƙurar da ta lulluɓe wurin, zai ga wani zobe mai matakala, wanda a yawancin waɗannan babura matakai biyar gare shi, da 'yan ramuka ko haƙora a gefensa. Makullin da muke magana a kai lanƙwasasshe ne, yana da ƙugiya a baki, wadda ake saƙalawa a ramin zoben a juya shi daga mataki zuwa mataki. Mutane da dama, har da waɗansu makanikai, suna zaton juyawar nan tana ƙara wa ƙarfen tauri, alhali kuwa taurinsa yana nan yadda aka ƙera shi. Abin da take yi shi ne ta matse shi tun kafin a hau, ta yadda sai nauyi ya haura wani gwargwado sannan zai fara lotsawa, bayan babur ya tsaya a matsayinsa, tazarar nan ta tarar rami ta saura. Mataki na ƙasa na mutum ɗaya ne marar kaya, na sama na goyo ne da lodi. Wanda ya bar shi a ƙasa ya ɗora buhu mai kilo 100, zai ji kan babur ya yi sakayau yana yawo cikin rairayi, taya tana gugar murfinta, waya tana tsinkewa a gare ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya kai shi ƙololuwa ya hau shi kaɗai a kan gargada, zai ji baya yana tsalle, taya tana rabuwa da ƙasa, birki ba ya kamawa a lokacin da ake bukatarsa.

Hanyar gane matakin da ya dace ba ta bukatar ilimi mai zurfi, igiya ko ma'aunin tela ya wadatar. A ɗaga babur bisa babbar ƙafarsa har tayar baya ta bar ƙasa, a auna daga ƙusar tsakiyar taya zuwa wata alama a jikin kariya. Sa'an nan a sauke shi, mai shi ya hau da irin kayan da ya saba ɗauka, a sake aunawa. Masana wannan fanni suna son abin da ya lotsa ya kasance wajen sulusin tazarar duka. In ya zarce haka da yawa a ƙara mataki, in bai kai ba a rage. Sharaɗin da ba a sassautawa a cikinsa shi ne dama da hagu su zauna a mataki ɗaya, kuma Ba'adare ba ya bukatar dogon sharhi a kan haka, domin tun yana yaro ya san abin da ke samun jaki in aka cika mangala gefe guda aka rage ɗayan.

To, ina makullin yake? A nan ne zancen ya bar hannun makanike ya koma shagon dila. Ana kawo baburan nan a cikin akwatuna, a warwatse, yara masu haɗawa su ɗaura su a ƙofar shago, sau da yawa ladansu bisa yawan abin da suka haɗa ne, ga mai saye tsaye yana sauri ya kama hanya kafin rana ta yi. A ƙa'ida akwai 'yar jakar makullai da ake ɓoyewa a murfin gefe, da ɗan littafin bayani, amma kukan da aka fi ji daga masu saye shi ne sun buɗe murfin a gida sun tarar da makullin buji da abin kwance sukuru kaɗai, ko ma wayam. Wanda ya koma ya ce, "Alhaji, wanga mashin in na ɗora kaya zamnawa shikai," amsar da ya fi samu ita ce, "Haba ɗana, sabo na, tahi wurin makanike shi duba maka." Makaniken kuwa, da yake shi ma ba shi da makullin, sai ya ɗauko guduma da kurfi ya ɗora a haƙorin zoben ya yi ta duka, haƙori ya lanƙwashe ko ya ɓalle, wani lokaci kurfin ya zame ya karci sandar ciki, kartar ta yanke robar da ke tsare mai, bayan 'yan makonni a ga amortisa yana zubar da mai, ƙura tana manne masa.

Adalci ya wajabta a faɗi uzurin dila. Waɗansu masana'antun, saboda neman araha, ba su sa wannan makulli a jaka tun daga can, waɗansu amortisan ma babu zoben juyawa a jikinsu sam. Littafin kuma yakan zo da Turanci ko Sinanci, harsunan da mai shagon da mai sayen duka ba su karantawa. Ban da wannan, kayan gyara da yawa ta Ƙonni suke shigowa daga kasuwannin Sakkwato da Kano, can asali daga Nnewi da Onica, kuma kowa ya shaida yadda rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, suka tsananta wa 'yan kasuwa, har ya zama kayan da aka saba saukewa a Kwatano sai an kewaya da su ta Lome da Burkina Faso. Akwai kuma dilolin da ke ba ɗan kabu-kabu babur ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, su yi masa haƙuri in ciwo ya kwantar da shi, wanda wannan alheri ne da ba a mantawa. Duk da haka ban ga yadda tsadar sufuri za ta hana mutum ya sunkuya na minti biyar ya nuna wa abokin cinikinsa zoben nan da amfaninsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki lamarin da nauyi shi ne sanin inda kuɗin ke fitowa. Mafi yawan baburan ƙauyukan Adar gumin ci-rani ne, na samarin da suka yi shekaru suna talla a Abijan ko suna aikin gini a Libiya da Aljeriya, suka tara suka aiko wa tsoho ko ƙane domin gida ya sami abin dogaro. Malamanmu na Malikiyya ba su bar irin wannan ciniki babu hukunci ba. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Tawa kamar yadda ake karanta ta a Sakkwato, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi a babin ciniki, ta kuma ba wanda ya tarar da aibi zaɓin ya riƙe hajar ko ya mayar. Sananne ne kuma labarin da ya zo a Sahihu Muslim na yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi wa mai shi inkari a kan ɓoyewar. Fukaha'u sun kuma tabbatar da cewa abin da al'ada ta sa shi cikin haja yana binta ko ba a ambata ba. A fahimtata, jakar makullan da masana'anta ta sa a akwati haƙƙin mai saye ce tun daga sa'ar da aka ƙulla ciniki, wanda ya zare ta ya sayar daban ya ci abin da ba nasa ba, ko da kuɗinta bai kai jaka guda ba.

Shi ma mai babur yana da nasa kason. Tun a 1975, da kamfanin Honda ya fito da CG125, wanda injunan Sin da yawa suka samo tsarinsu daga gare shi, ya yi haka ne bayan injiniyoyinsa sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake yi wa babur lodi ana kuma sakaci da mansa, suka ƙera inji mai jimiri. Amma jimirin inji bai ɗage iyakar nauyin da gangar jiki za ta iya ɗauka ba, wadda a ƙananan babura ba ta cika wuce mutum biyu da ɗan kaya ba. Buhun albasa biyu da mahayi sun haura wannan iyaka nesa, babu matakin da zai gyara su. Dabarar da waɗansu ke yi ta walda ƙarin amortisa su zama huɗu tana hana durƙuso, amma dukan da ƙarfen ya ƙi sha yana komawa ga gangar babur, wata rana ta tsage a wurin waldar. Haka nan amortisan da mansa ya tsiyaye ya mutu, alamarsa kuwa in ka danna bayan babur ka saki zai yi ta rawa maimakon ya taso sau ɗaya ya natsu. Irin wannan sai canji, kuma biyun tare ake canzawa, daga wurin wanda zai gaya maka gaskiyar wanne ne mai nagarta wanne ne na biyu.

Rashin makullin kansa kuwa matsala ce mai sauƙin magani a garin da ke cike da maƙera da masu walda. In aka kai wa maƙeri babur ya auna kewayen zoben, zai iya yanko makullin daga guntun faffaɗan ƙarfe, ya lanƙwasa bakin ya fitar da ƙugiya, makanike ɗaya ya riƙe shi ya yi wa unguwa guda hidima. Dilan da ya rataye guda a shagonsa, ya tambayi mai saye nauyin da zai riƙa ɗauka da hanyar da zai riƙa bi kafin ya miƙa masa takardun duwan, shi ne wanda za a ambaci sunansa a ƙauye ranar da wani ɗan ci-ranin ya aiko da kuɗi. Mai saye kuma, kafin ya tada inji, ya buɗe murfin gefe a gaban mai shago ya ƙirga makullai, ya duba zoben dama da na hagu ko suna mataki ɗaya, ya nemi a rubuta masa a takardar ciniki abin da aka lamunce masa da tsawon wa'adinsa, sa'an nan a yi alkawarin ranar da zai dawo a juye man farko, a bi ƙusoshin da gargada ta sassauta a ɗaure su, har da huɗun da ke riƙe da amortisa sama da ƙasa.