Sai An Auna Bindiga Kafin A Zaɓi Mazubin Harsashi

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, sanyin hunturu kuma ya fara sauka a fadamar gulbin Rima, to, lokacin maharba ya yi. A zamanin da dajin Gundumi yake wurin farauta, kafin ya zama mafakar 'yan fashi, a wannan lokaci ne tsoho yakan sauko da bindigarsa daga rataye, ya share ta, ya shafa mata mai, sa'an nan ya kwance jakar fatar da albarushi da dalma suke ciki. A can gindin jakar, wani lokaci akan tarar da wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki, wanda in an haɗe bakinsa sai rami ya fito a tsakiya. Wannan shi ne mazubi, watau abin da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta daskare ta zama harsashi. Sau da yawa in an zo rabon gado bindigar ake dubawa, a bar mazubin cikin tarkace, alhali kuwa shi ne yake ɗauke da awon da ya dace da cikinta.

Kafin mu shiga maganar awo, ya kamata mai karatu ya san yadda bindiga ta zauna a wannan ƙasa. Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗi, inda kuma aka rufe shi a 1837, ƙarfin rundunar Sakkwato yana ga doki da mashi da kwari da baka ne. Baturen nan Kyaftin Clapperton, wanda ya ga yaƙin da aka yi da Gobirawa a Konya a 1826, ya iske bindigogin ba su wuce 'yan gomomi ba a cikin taron dubban mayaƙa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 bindigogi sun ƙaru, amma a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wadda ta ƙuntata sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar da ake ɗurawa ta baki. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta zama ita ce bindigar talaka har yau, kuma yana daga cikin abin da ya sa aka sha bamban a makamai ran 15 ga Maris 1903 a filin Giginya.

A daidai wannan zamani, a Amurka an yi nisa da wata irin bindiga mai ɗaukar harsasai da yawa, wadda ake ɗura ta da wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama. In an ja mariƙin ƙasa sai tsohon kwanso ya fita, in an mayar da shi sai sabo ya hau. Kamfanin Winchester ya fitar da irinta a 1866, da 1873, da 1894, kamfanin Marlin ma ya yi nasa. Sojojin Daular Usmaniyya sun yi amfani da samfurin 1866 a yaƙin Plevna a 1877, suka yi wa Rashawa mummunar ɓarna. Irin waɗannan bindigogi ba su da yawa a ƙasarmu, amma an yi nazarin zaɓen mazubi a kansu, gama mutanen da suka saye su a ƙauyuka masu nisa da kanti su suke zuba harsashinsu da kansu, har kamfanin Winchester yakan sayar da mazubi tare da sauran kayan ɗuri. Abin da aka koya a kansu yana da amfani ga kowane mai tsohuwar bindiga.

Babban abin da aka gano shi ne, lambar da aka buga a jikin bindiga suna ne kawai, ba awo ba ne. A cikin bututun irin wannan bindiga akwai tsagogi masu murɗewa, su ne suke kama harsashi su juya shi, don ya tafi sak kamar kibiya. Harsashin dalma ba ya aiki sosai sai ya cika waɗannan tsagogi har gindinsu. To, injunan da aka yi aiki da su a ƙarni na 19 ba su da daidaito irin na yau, ga kuma cin shekaru da tsatsa. Ɗauki misalin wadda ake kira .44-40: a tsofaffin, faɗin cikin bututu yakan kasance wajen inci 0.427, amma da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera daga baya 0.429 ne. Ta .38-55 ta fi wannan rikici, domin tsofaffinta sukan kai 0.379 ko fiye, alhali ana sayar da harsasai masu ɗauke da wannan suna waɗanda ba su wuce 0.375 ko 0.377 ba. Mai karatu zai ce wannan ai ba wani bambanci ba ne. Gaskiya ne ido ba zai gan shi ba, tun da yake kashi ɗaya cikin dubu na inci bai kai kaurin silin gashi ba. Amma wuta tana ganinsa.

Ga yadda abin yake faruwa. In harsashi ya yi wa bututu kaɗan, iskar albarushi mai tsananin zafi sai ta kurɗa ta gefensa, ta zaizaye dalmar, ta shafe ta a jikin bututun. Bayan harbi kaɗan tsagogin sun cushe, harsashi ya daina juyawa yadda ya kamata, ya riƙa wuntsilawa a iska, har yakan sami abin da aka harba da gefe. Maharbi ya ɗora laifi a kan bindiga ko a kan idonsa, dabba kuwa ta tsere da rauni ta je ta mutu a banza. In kuma harsashin ya yi girma ainun, sai kwanson ya ƙi shiga, ko ya shiga da ƙyar ya matse, ƙarfin wutar ya wuce abin da tsohon ƙarfe zai iya ɗauka. Saboda haka ne masana wannan aiki ba sa sayen mazubi sai sun auna. Sukan tura 'yar dunƙulen dalma mai taushi ta cikin bututun daga wannan baki zuwa wancan, ta fito da siffar tsagogin a jikinta, su auna ta da ma'aunin nan na makanikai mai suna maikromita. Daga nan sai a nemi mazubin da harsashinsa ya ɗara wannan awo da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci.

Har ila yau mazubi ɗaya ba ya ba da girma ɗaya kullum. Tsantsar dalma, wadda take narkewa a zafin digiri 327, tana ƙanƙancewa in ta huce fiye da wadda aka gauraya da kuza da sauran ƙarafa masu sa ta tauri. Akwai kuma maganar siffa. A yawancin bindigogi masu mariƙi, harsasai suna jere ne a cikin wani bututu na biyu, kan wannan yana tokare da gindin na gabansa, daidai wurin da ake bugawa wuta ta tashi. Don haka ake zaɓar musu mazubi mai fitar da harsashi mai faffaɗan kai, gama mai tsini yana iya tayar da na gabansa tun yana cikin ma'ajiya.

Mu komo gida. Bindigar toka ba ta da tsagogi, saboda haka ba ta bukatar awo mai tsanani kamar wannan, amma ba ta tsira daga hukuncinsa ba. Harsashin da ya yi mata kaɗan yana karkaɗawa a cikin bututu ya fita inda ya ga dama. Wanda ya yi mata yawa kuwa ya fi haɗari, domin yakan maƙale a tsakiya bai sauka kan albarushi ba, kuma wannan gurbin da ya rage tsakaninsu yana iya kumbura bututun ko ya fasa shi a hannun mai harbi. A ganina, babbar hasarar da aka yi ita ce yadda aka sake wa zubi, aka koma ɗura guntayen ƙusa da ƙwallayen boris na keke. Ƙarfe ba ya lanƙwasa ya bi bututu kamar dalma, sai dai ya kankare shi, kuma bututun da maƙeri ya yi da fayif ɗin ruwa ba shi da kaurin da zai jure wannan. Mai bindiga yakan ce ai shekara da shekaru yana yi ba abin da ya faru. Haka ne, sai dai ƙarfe ba ya yin gargaɗi ranar da zai gaji.

Ita kanta dalmar tana da nata sharrin, wanda ya shafi masuntan dam ɗin Goronyo masu narka ta don nauyin birgi, kamar yadda ya shafi maharba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an lura ba. Narka dalma a murhun girki, ko a cikin tukunyar da za ta koma kan abinci, ganganci ne. Wadda ake cirowa daga tsohon batirin mota ta fi kowace muni, saboda sauran magungunan da ke tare da ita. Ɗigon ruwa kuma, in ya nutse cikin narkakkiyar dalma, yana watsa ta a fuskar mai zubi.

Sai maganar doka, wadda ba a iya tsallake ta a yankin da ya ga harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021, inda aka kashe gomomin mutane. Dokar Bindigogi ta 1959 ta ce bindigar farauta mai cin kwanso sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ta ware bindigar toka a rukuni dabam a ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha, ta kuma haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba. Wanda ya gāji tsohuwar bindiga, abu na farko shi ne ya daidaita matsayinta da hukuma, kada kuma ya harba ta sai wanda ya san aikin ya duba bututunta. In ba shi da niyyar farauta, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ya fi bayan ƙofa dacewa da ita. In za a kai ta, a duba gindin jakar fatar nan, a haɗa da mazubin, a kuma rubuta sunan wanda ya riƙe ta da garin da ta fito.